Cin wasa da kwatabak mai tangal-tangal a ƙwallon Amurka

A ƙwallon Amurka, wanda akasari da hannu ake buga shi, kwatabak shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya jefa wa abokin wasa ko ya miƙa wa mai gudu. Shi ya sa da zarar hannunsa ya fara ƙin ci sai 'yan kallo su ce kulob ya gama yawo. To amma a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, an sha ganin akasin haka.

Abin da koci ke yi shi ne ya rage masa kaya. A daina jifa mai nisa, a koma gajere, a yawaita ba masu gudu ƙwallo don agogo ya yi ta ci, 'yan harin abokan karawa suna zaune a benci. Kulob na da dama 4 ya ci yadi 10, in abin ya ƙi to gara a doka ƙwallon can ƙarshen fili, ko in an matso a buga ta tsakanin turaku a karɓi maki 3, da a ce kwatabak ya matsa wa kansa ya jefa ta hannun abokan gaba. A ganina nan ne gaba ɗaya sirrin yake, kada ya yi kyautar ƙwallo, sauran aikin na 'yan tsaro ne.

Baltimore Ravens ta 2000 ta yi wasa 5 a jere ba tocdawun (kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan karawa) ko ɗaya, aka ajiye kwatabak Tony Banks aka sa Trent Dilfer, amma maki 165 kacal aka ci su a wasa 16, mai gudunsu Jamal Lewis kuma ya yi gudun yadi 1,364. Suka lallasa New York Giants 34-7 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Denver Broncos a 2015. Kwatabak ɗinsu Peyton Manning babban gwani ne, sai dai lokacin shekarunsa 39, ga ciwon tafin ƙafa, a kakar ya jefa tocdawun 9 abokan karawa suka cafke masa jifa 17, har a wasan Kansas City bayan an cafke masa 4 aka fitar da shi aka sa Brock Osweiler. Ya dawo daf da wasannin sili ɗaya ƙwale, koci Gary Kubiak bai nemi ya zama Manning na da ba.

Ranar 7 ga Fabrairu 2016 a Super Bowl suka haɗu da Carolina Panthers da ta ci wasa 15 cikin 16. Tun a zangon farko ɗan tsaron Denver Von Miller ya zagayo ta gefe ya afka wa Cam Newton, kwatabak ɗin Carolina, ya fizge ƙwallon daga hannunsa, ta gangara bayan layi, abokin wasan Miller, Malik Jackson, ya faɗa kanta, tocdawun ke nan ba tare da Manning ya taɓa ƙwallo ba. Kusa da tashi Miller ya sake yi, mai gudun Denver C.J. Anderson ya ƙarasa tocdawun daga kusa. Manning yadi 141 ya jefa, ba tocdawun, Denver ta ci 24-10, Miller ne gwarzon wasan.

Matsalar hanyar ita ce sai da 'yan tsaro na musamman, kuma riƙe su da wuya saboda ƙa'idar iyakar albashi. Manning ya yi ritaya a Maris 2016, Denver kuma ba ta sake shiga wasannin sili ɗaya ƙwale ba sai kakar 2024.