Kafin a koma makaranta: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Shekara 17 ke nan ina riƙe da 'yan aji ɗaya a Birnin Kebbi. Duk shekara, da zarar dogon hutu ya raba tsakiya, ba ni da sakat. A gidan suna tambaya, a wajen markaɗe tambaya, waya kuwa har bayan isha'i. Kuma tambayoyin ba sa canzawa. To ga su nan a rubuce, wadda ta sake tare ni sai in ce ta je ta karanta.

Malama, yaushe za a koma?

Cikin Satumba. Ranar kuwa ma'aikatar ilimi ta jiha ke sanarwa, ba ni ba. A saurari rediyo.

Ana biyan kuɗi a firamaren gwamnati?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Amma doka ba ta ɗinka yunifom, ba ta sayen takalmi da fensir. A tuna wa maigida tun yanzu, kafin tela ya fara alkawarin gobe.

In sa shi lesin na hutu?

Ɗan shekara 5? Lesin ɗin me? 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. In kina son ki taimake ni, koya masa kwance mazugin wandonsa ya ɗaure da kansa, ya shiga bayi ya yi tsarki, ya faɗi sunansa na yanka da na mahaifinsa da unguwarsu. Bara an kawo mini wata yarinya, ABCD a bakinta kamar ruwa, amma na ce yaya sunanki, ta ce Ummi. Sunan babanki fa? Ta ce Abba. A ajin nan Ummi huɗu gare ni.

Dole sai da takardar haihuwa?

A kawo ta. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa. In babu, a zo da katin riga-kafi, akwai ranar haihuwa a jiki. Abin da ba na so shi ne a ce mini "ai shekarar da ambaliya ta cinye shinkafa aka haife shi". Ta 2020 ko wadda ta biyo baya?

Yarona sai Fabrairu zai cika 6. In sa shi aji ɗaya bana ko in jira baɗi?

Wannan ce kaɗai tambayar da ke sa ni in zauna. A tsari, shekara 6 ake shiga aji ɗaya. Zamaninmu hedimasta kan ce ka zagaya hannu ta bisa kai ka taɓo kunne, in hannu bai kai ba a ce koma gida sai baɗi. Muna yi wa dabarar dariya yanzu, amma aƙalla yaron ake dubawa, ba gasar da uwa ke yi da kishiya ko maƙwabciya ba.

Ni abin da nake dubawa: yana iya zama wuri ɗaya a ba shi tatsuniya har a ce ƙurunƙus? In aka aike shi abu biyu, ɗauko buta ka rufo ƙofa, yana yin duka? In wani ya ƙwace masa abu, yana faɗa da baki ko sai birgima? In ya ci waɗannan, wata biyar ɗin da suka rage ba su dame ni ba, galibi dai. Na ce galibi, don na ga yaro mai wayo a gida da ya shigo aji cike maƙil ya yi gum har zangon farko ya ƙare. Saboda haka ki je ki leƙa ajin da idonki. Yara nawa ne? Ƙasa ake zama? Yaya nisan hanya, akwai titin da zai tsallaka, akwai ya ko wa da zai riƙe masa hannu? Ƙaramin yaro shi kaɗai cikin yara 80, a baya ake tura shi, allon ma ba ya gani.

In makarantar na da ajin share fage, to shi ne mafita, ya yi shekara a can. In babu, kuma kin san jiran nan zai ƙare ne a talla ko bin awaki, har baɗin ta zo a ce sai wata baɗi, to kawo shi yanzu, ko maimaita ajin ne ya yi. Maimaita aji ɗaya ba abin kunya ba ne, ko da dangin miji za su yi magana. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ɗan shekara 4 a aji ɗaya, sannan daga aji biyar a wuce da shi sakandare, bai yi aji shida ba. Ya gama sakandare yana 15, JAMB kuma ta ce sai 16 za a shiga jami'a. Gaggawar ta me ce? Duk da haka ni ban haifi yaron ba, ke kika san shi. Kawo shi mu yi hira minti goma, zan faɗa miki abin da na gani, kuma ina iya kuskure.

Za mu kai su ƙauye wajen kaka su ƙarasa hutu, da matsala?

Zumunci ne, a kai su. Amma wannan hutun damina ne, ku yi hattara. Binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada na ɗauke da cutar. A sa gidan sauro cikin kaya, kada a ce na Inna zai ishe su. Maganin kariyar nan da ake bi gida-gida da damina, na 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kwana uku ake sha duk wata. Ma'aikata su ba da na farko, sauran biyun a hannunki suke, kuma na san da yawanku ƙarƙashin katifa suke ƙarewa. Mai goyo kuma ta tambayi allurar zazzaɓin a asibiti, tun Disamban 2024 aka fara ta nan Kebbi da Bayelsa, daga wata 5 ake somawa. Sai ruwa. Masu dangi a Argungu da Yawuri, ɗan birni ba ɗan Sarkawa ba ne. Ganin 'yan garin na faɗawa gulbi shi ma zai bi. Kududdufin bayan gida ma ya isa ya ci yaro. A ja wa kaka kunne cikin ladabi, amma a ja.

Boko da safe, islamiyya da yamma, bai yi yawa ba?

Bai yi ba, in an bar shi ya ci abinci ya ɗan kwanta bayan azahar.

In ya yi ta kuka ranar farko fa?

Zai yi, kuma zai daina. Kwantar da hankalinki, Maman yara, ban taɓa ganin wanda ya kai aji biyu yana yi ba. Miƙo mini shi, ki ce masa za ki dawo in an tashi, ki tafi. Kada ki laɓe a bayan taga, yana hango gyalenki. Kuma don Allah ku daina cewa "bari a koma, Malama za ta zane ka". Wata biyu kuna tsorata shi da ni, sannan ku kawo mini shi ku ce in lallashe shi.

Nawa zan riƙa ba shi na tara?

Ba shi koko da ƙosai ko ɗumame kafin ya fito. Kuɗin, alawa zai saya tun a bakin ƙofa.