Makarantun sakandare a Ostireliya da neman sulhu da 'yan asalin ƙasar: tambayoyi da amsoshi

Sulhu tsakanin wa da wa ake magana?

Tsakanin 'yan asalin Ostireliya, wato Aborijinawa da mutanen tsibiran mashigar Torres, da sauran al'ummar ƙasar. Kafin jiragen ruwan Ingila su iso Sidni a watan Janairun 1788, Aborijinawa sun shafe sama da shekara 50,000 a wurin, suna magana da harsuna fiye da 250. Turawa suka ɗauki ƙasar tamkar wadda ba ta da mai ita, suka ƙwace filaye, cututtuka da kashe-kashe suka ci jama'a. Mu nan Turawan mulkin mallaka sun zo sun tafi. Can kuwa zama suka yi suka hayayyafa, har masu ƙasar suka koma ba su kai kashi 4 cikin 100 na jama'a ba.

To, me ya haɗa makaranta da wannan tsohon rauni?

Ai da hannun makaranta aka yi ɓarnar. Daga wajajen 1910 zuwa 1970, hukumomi sun riƙa raba yara da iyayensu da ƙarfin doka, suna kai su gidajen renon gwamnati da na mishan, irin su gidan maza na Kinchela da gidan mata na Cootamundra. A can aka hana su harshen iyayensu, aka koya wa 'yan mata aikatau, maza kuma aikin gona. Da yawa ba su sake ganin uwayensu ba. A jihar New South Wales, sai a 1972 aka soke ƙa'idar da ta ba shugaban makaranta damar hana yaro Ba'aborijine shiga aji idan iyayen Turawa suka yi ƙorafi.

A dubi shekarun da kyau: 1972 jiya-jiya ce. Kakar da ke rako jikanta ƙofar makaranta yau, mai yiwuwa ita aka kora daga wannan ƙofar, ko ita aka ɗauke daga cinyar mahaifiyarta. Wanda aka yi wa haka ba ya amincewa da makaranta don kawai an yi masa murmushi. Rahoton binciken da aka gabatar wa majalisa a 1997 ya tono labarin, kuma a ranar 13 ga Fabrairun 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a madadin ƙasa. Neman gafara aikin yini guda ne, gyaran kuwa ya faɗa kan wuraren da mutane ke haɗuwa kullum, ciki har da makaranta.

A aikace, me makarantar ke yi?

Da yawa suna bin shirin Narragunnawali na ƙungiyar Reconciliation Australia. Makaranta na kafa kwamiti na malamai da ɗalibai da iyaye da dattawan Aborijinawan yankin, su rubuta alkawuran da za su cika a aji, da harabar makaranta, da kuma mu'amala da al'umma.

Abin da baƙo zai fara gani shi ne tutoci: ta ƙasa, da ta Aborijinawa mai baƙi da ja da rana rawaya a tsakiya, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, sai ta mutanen mashigar Torres. A taron safe kuma ɗalibi ko malami kan buɗe da ambaton ƙabilar da makarantar ke zaune a kan ƙasarta, ya gaida dattawanta na da da na yanzu. Wannan kowa zai iya yi. Amma yi wa jama'a maraba da zuwa ƙasar, wani lokaci har da turara hayaƙin ganyaye, haƙƙin masu ƙasar ne kaɗai, don mai gida ke cewa baƙo sannu da zuwa.

A cikin aji fa?

Nan ne, a ganina, aikin gaske yake. Manhajar ƙasa ta tanadi a saka tarihi da al'adun 'yan asali a cikin darussa daban-daban, ba a tarihi kaɗai ba. A ajin tarihi ana karanta kisan gillar Myall Creek na 1838, inda aka kashe aƙalla mutum 28, galibi mata da yara da tsofaffi, aka kuma rataye bakwai daga cikin makasan, abin da ba kasafai ake yi wa Bature ba a zamanin. Ana karanta shari'ar Eddie Mabo, mutumin tsibiran mashigar Torres da ya kai ƙara kan haƙƙin mallakar ƙasar mutanensa, wadda a 1992 babbar kotu ta rushe iƙirarin cewa ƙasar ba ta da mai ita. A darasin kimiyya da labarin ƙasa ana duba yadda Aborijinawa ke ƙona daji kaɗan-kaɗan a lokacin da ya dace don rage babbar gobara, da magudanan ruwa na Budj Bim da mutanen Gunditjmara suka gina don kiwon kifi shekaru fiye da 6,000 da suka wuce.

Sai harshe. A garin Parkes ana koyar da Wiradjuri a makarantu, a Adelaide kuma an farfaɗo da Kaurna bayan ya kusa bacewa. Harshen da aka doki kaka a kansa, yau jika da abokinsa ɗan Bature ke rubuta shi a allo.

Akwai ranaku na musamman?

Akwai. 26 ga Mayu ranar tunawa da yaran da aka ƙwace ce. Daga 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni makon sulhu ne, ya fara da ranar ƙuri'ar raba gardama ta 1967, wadda ta amince a riƙa ƙirga Aborijinawa cikin jama'ar ƙasa, ya ƙare da ranar hukuncin Mabo. A watan Yuli kuma ana makon NAIDOC, wato makon bikin tarihi da al'adun 'yan asali.

Wasu na cewa duk biki ne kawai. Suna da gaskiya?

Wani lokaci suna da ita. Makaranta na iya ɗaga tuta, ta haddace gaisuwar taron safe, alhali yaro Ba'aborijine na shan zagin wariya a filin wasa babu mai tsawatarwa. Akwai kuma halin ɗora komai a kan malama Ba'aborijiniya guda ɗaya da ke makarantar, ko nuna ɗalibi a aji a ce ya yi bayanin al'adar mutanensa, ko gayyato dattijo ya yi jawabi a sallame shi da godiyar baki. Dattijon malami ne, a biya shi haƙƙinsa.

Alƙaluma ma suna nuna sauran tafiya. A 2021, kusan kashi 68 cikin 100 na matasan 'yan asali masu shekara 20 zuwa 24 ne suka kammala sakandare ko makamancinta, alhali burin gwamnati shi ne kashi 96 nan da 2031. Shi ya sa wasu makarantu ke ɗaukar ma'aikata Aborijinawa masu bin yara har gida idan sun daina zuwa, ko su haɗa kai da gidauniyar Clontarf, wadda tun 2000 take jan samari zuwa aji ta hanyar wasanni. Ƙuri'ar 14 ga Oktoban 2023, inda kusan kashi 60 suka ƙi amincewa da kafa majalisar ba da shawara ta 'yan asali a kundin tsarin mulki, ta sanyaya gwiwar mutane da yawa, kuma malamai ne suka fuskanci ɗaliban da abin ya taɓa a ranar Litinin da ta biyo baya.

Makarantar da ba ta da ɗalibi Ba'aborijine ko ɗaya fa?

Ita ma a kan ƙasar wata ƙabila take zaune, kuma ɗalibanta ne gobe za su zama 'yan sanda da alƙalai da likitoci da masu jefa ƙuri'a. Shirin Narragunnawali a buɗe yake ga kowace makaranta, daga ta renon yara har sakandare, ko da wa ke cikin rajistarta.