Kambas Ba Takalmin Hawan Ben Nevis Ba Ne a Watan Afrilu

Duk shekara, da zarar Afrilu ya kama, yini ya ƙara tsawo, ɗalibai kuma suka samu hutun Ista, mu da ke aikin jinya a sashen gaggawa a arewacin Skotland sai mu fara karɓar mutanen da muka saba gani: mai karaya a idon sawu, mai gocewar kafaɗa, mai tsagewar goshi, da wanda aka kawo a nannaɗe cikin bargo yana karkarwa har ya kasa faɗin sunansa. Idan muka zo cire musu takalmi, sau da yawa abu ɗaya muke tararwa, wato kambas ɗin yawo a gari, ya jiƙe sharkaf, yatsun da ke ciki kuma sun yi fari fat. Yanzu da ɗalibanmu da ma'aikatanmu suka yawaita a Glasgow da Edinburgh da Aberdeen, na fara ganin hotunan 'yan uwa a kan duwatsun Skotland, irin su Ben Nevis, da irin wannan takalmi, shi ya sa nake rubuta wannan da Hausa.

Ƙannena, ba na hana ku hawan dutse. Motsa jiki ne mai kyau, yana rage kewar gida, kuma wanda ya wuni a ɗakin karatu wata da watanni ya cancanci ya sha iska. Abin da nake faɗa da shi guda ɗaya ne: mutum ya tsaya a Fort William, garin da ke gindin Ben Nevis, ya ga rana ta fito, ya yanke hukuncin cewa hunturu ya wuce, ya ɗaura kambas da wandon jins ya nufi ƙololuwa. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne, kuma kusan daga daidai da teku ake fara hawansa. Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a kowace mita 1,000, saboda haka idan ana digiri 8 a Glen Nevis, kwarin da ake fara hawa daga cikinsa, a sama ana dab da sifili, kafin ma a yi maganar iskar da ke kaɗawa. Dusar ƙanƙara takan kai watan Mayu a saman dutsen, wasu shekarun har Yuni.

Dusar wannan lokaci kuma ba irin lallausar da kuke wasa da ita a ƙofar gida a watan Janairu ba ce. Da rana ta narke, da dare ta daskare, haka kullum, har samanta ya yi tauri da santsi kamar tayil ɗin da aka zuba wa ruwan sabulu. Ƙasan kambas roba ce mai laushi, ba ta da bakin da za ta kama wannan. A hawa mutum yakan lallaba ya wuce, domin yana bin sawun waɗanda suka riga shi, ga kuma zumuɗi. A saukowa ake faɗuwa, lokacin da gwiwa ta gaji, sawun ya goge, nauyin jiki kuma yana tura mutum gaba. Wanda ya zame a gangare mai ƙanƙara ba tare da gatarin ƙanƙara, wanda ake kafawa a dusa don a tsaya, a hannu ba, ba shi da abin da zai tsayar da shi sai dutse. A watan Maris na 2022, wani matashi ɗan shekara 28 ya faɗo kimanin mita 300 a wajen Red Burn, rafin da ake tsallakawa a tsakiyar hanya, ya rasu. A Fabrairun 2020 kuwa, masu ceto na Lochaber, yankin da Ben Nevis yake, sun sauko da mutum huɗu cikin guguwar dusa, wasunsu sanye da kambas. Waɗannan masu ceto 'yan sa kai ne, suna da iyali da wuraren aiki, amma ana tashinsu da dare saboda wani ya ga ba zai kashe kuɗin takalmi ba.

Na san abin da ake cewa, domin na ji shi a bakin gado ba sau ɗaya ba. "Ai hanya ce a fili." "Ai mun ga yara ma suna hawa." "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Yaran da kuka gani a bidiyo a watan Agusta suka hau. Hanyar da ke fili a lokacin zafi, mai kimanin kilomita 17 zuwa da dawowa, wadda ke cin awa 7 zuwa 9, dusa ce ke binne ƙarshenta a Afrilu, har tarin duwatsun da aka jera don nuna hanya su kusa ɓacewa. Saman dutsen fili ne mai faɗi, hazo yana rufe shi mafi yawan kwanakin shekara, ƙasa fara, sama fara. A gefen arewa akwai gangaren tsaye na fiye da mita 600, kuma iska takan tara dusa ta yi leɓe a bakinsa, ya miƙe a kan sarari babu komai a ƙarƙashinsa. Can mutane suke matsawa don ɗaukar hoto. A ɗaya gefen akwai kwazazzabon Five Finger, wanda ke jan masu saukowa da suka kauce hanya kaɗan. Wanda ya isa can da kambas, babu taswira, babu kamfas mai nuna gabas da yamma, sai waya da sanyi ya shanye wa caji, kada ya ɗora wa tsautsayi.

Jiƙaƙƙen takalmi da jins suna kuma janyo wata matsalar, wato zafin jiki ya faɗi ƙasa da digiri 35. Ku lura da abokin tafiyarku. Idan ya fara tuntuɓe, maganarsa ta sarƙe, ya kasa jan zif ɗin rigarsa, ko ya ce a bar shi ya ɗan kwanta, to ba raki yake yi ba. Ku kare shi daga iska, ku sa wani abu tsakaninsa da ƙasa, ku sauya masa jiƙaƙƙun kaya da busassu, ku ba shi shayi mai sukari idan yana iya haɗiya. Kada ku murza masa hannuwa da ƙafafu.

Don Allah, idan za ku je tsakanin Maris da Mayu, ku yi waɗannan:

Ku duba hasashen yanayi na duwatsu na Met Office, hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ko na MWIS, masu hasashen yanayin duwatsu, ba na gari ba. Ku sa takalmin hawan dutse mai taurin ƙasa wanda ruwa ba ya shiga. Ana bayar da hayarsa a Fort William. Idan akwai dusa a hanya, sai da ƙarafuna masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, da gatarin ƙanƙara, da wanda ya koya muku amfani da su, ko ku ɗauki ɗan jagora mai takarda. Ku tafi da riguna hawa hawa, rigar ruwa, hula, safar hannu biyu, tocila, dabino, fulas na shayi. Ku fita da sassafe, ku gaya wa wani lokacin da za ku dawo. Idan abu ya faru, ku kira 999, ku nemi 'yan sanda, sannan ku ce masu ceto na duwatsu kuke buƙata.

Wanda ba shi da waɗannan kaya, ya hau har inda dusa ta fara, ya yi hotonsa, ya juyo, ko da abokai sun yi masa dariya, ko da kuɗin motar da ya biya daga Glasgow yana yi masa ciwo. Wanda kuma ya matsu sai ya taka ƙololuwa, ya jira Yuli ko Agusta, kuma ko a lokacin, ya bar kambas ɗin nan a gida.