Ƙwayoyin jin haske na ido

Ƙwayoyin jin haske su ne ƙwayoyin halitta da ke shimfiɗe a retina, tantanin da ke can bayan ido. Su ke karɓar haske su mayar da shi saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. A idon ɗan Adam manyansu iri biyu ne: masu siffar sanda, kimanin miliyan 100 ko fiye, da masu siffar mazurari, kusan miliyan 6. Na farkon su ke aiki cikin duhu-duhu, ba ruwansu da launi. Na biyun sai da wadataccen haske, kuma da su ake bambance launuka.

Tarihi

A 1876 Franz Boll, Bajamushe mai aiki a birnin Rum, ya lura cewa retinar kwaɗon da aka ajiye a duhu jaja-jaja ce, amma da haske ya taɓa ta sai ta koɗe. Wilhelm Kühne na birnin Heidelberg a Jamus ya bi diddigin wannan launi, wanda yau ake kira rodofsin. Gwajinsa da ya fi shahara, wajen 1877 ko 1878, na zomo ne. Ya rufe masa kai har idon ya saba da duhu, ya buɗe shi yana fuskantar taga mai sanduna, sannan ya cire retinar ya jiƙa ta a ruwan alif. Sai ga hoton tagar, da sandunanta, kwance a jikin tantanin. Abin mamaki ne har yau.

A shekarun 1930 George Wald ya gano bitamin A a cikin retina, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1967 tare da Ragnar Granit da Haldan Hartline.

Yadda suke aiki

Rodofsin, wanda ke cikin masu siffar sanda, furotin ne mai suna ofsin, riƙe da wani ɗan sinadari lanƙwasasshe da jiki ke samarwa daga bitamin A. Haske na sauka a kansa sai ya miƙe, daga nan saƙo ya tashi. Sake lanƙwasa shi na ɗaukar lokaci, shi ya sa wanda ya shigo ɗaki daga rana yake lalube, kuma ido kan yi kusan minti 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Rashin bitamin A na jawo dundumi.

Masu siffar mazurari ofsin iri uku gare su. Ana taƙaddama kan ko wasu mata na gani da iri huɗu.

Melanofsin

Melanofsin wani irin ofsin ne dabam, wanda aka gano a 1998 a fatar kwaɗo. A idon mutum yana taimaka wa jiki saita lokacin barci da farkawa.