Folish da kakin mota a gida: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita tambaya

Tambayoyin nan su ake ta jefo mini, yau wannan gobe wancan, har na haddace su. Na tattara su wuri guda. Duk wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Zan iya wanke mota da omo ko sabulun wanke-wanke?

A'a. Aikinsu cire maiƙo ne, kakin da ka sha wahalar shafawa za su fara cinyewa. Nemi sabulun wanke mota.

Ƙura ce kawai ta hau, ba sai in share da busasshen tsumma ba?

Wannan ita ta fi ƙona mini rai. Ƙurar da kake rainawa garin yashi ce, in ka danne ta da tsumma ka ja, da hannunka kake karce fentin. Siraran zanen nan masu zagaye da ake gani a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, wajen wanki da shara ake samo su. Sai mutum ya shekara yana karce motarsa kowace safiya, sannan ya zo yana tambayar wane folish ne ya fi kyau.

Fara da watsa ruwa sosai, ƙurar ta sauka da kanta. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla da za ka riƙa ɗauraye tsumman kafin ka mayar da shi cikin kumfar. Daga rufi ake farawa a gangaro, don ƙasa ta fi datti. Tsumman taya kada ya kusanci ƙofa. Tsumman kuma na maikrofaiba, wato mai laushin nan na goge mota, ba tsohuwar riga mai maɓalli ba. A inuwa, bayan jikin motar ya huce.

Folish da kaki ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wanda bai raba su ba kada ya taɓa motarsa tukuna. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai marar launi a sama da ake kira kiliya-kot. Shi ke ba da ƙyalli, shi ke hana rana dusar da launin. Kaurinsa a motar da ta fito daga kamfani yawanci tsakanin maikuron 35 ne zuwa 50, wato sau da yawa ko kaurin silin gashi bai kai ba. Folish ci yake yi. Akwai gari mai kaifi a cikinsa da ke rage saman kiliyar har ya yi daidai da zurfin karcen, kuma abin da ya ci ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kaki ɗora shi ake yi a sama don kariya. Ba ya cin komai, ba ya gyara komai. Folish tukuna, kaki daga baya.

Sau nawa ake yin folish?

Sai ka ga dalili a jikin fentin. Kaki ne ake maimaitawa.

Motata ta karce. Zan iya fitar da karcen da kaina a gida?

To, nan kam ba zan ce i ko a'a kai tsaye ba, don ban ga motar ba, kuma karce iri-iri ne. Wanke wurin tukuna ya bushe. Wani lokaci abin da kake gani ba karce ba ne ma, fentin motar da ta goge ka ne ya manne a saman naka, folish mai laushi yana ɗauke shi ba wahala. In karce ne na gaske, ratsa shi da farcenka a hankali. In farcen ya wuce bai maƙale ba, da sauran fata. Zuba masa ruwa kuma: in ya ɓace yana jiƙe, ya dawo bayan ya bushe, galibi a cikin kiliyar ya tsaya. Galibi na ce. Amma in farce ya maƙale, ko kana hango toka-toka a cikin ramin, ko ƙarfe, folish ba zai fitar da shi ba ko kwana ka yi kana gogawa. Iyakarsa ya sassauta bakin karcen ya rage ɗaukar ido. Irin wannan fentin cikewa yake so da ɗan siririn burushi, kuma lambar launin motar tana rubuce a jikinta, sau da yawa a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Wanda ya kai ƙarfe kada a bar shi, tsatsa ba ta jira.

Ko da farcen bai maƙale ba, da sauran rina a kaba: nawa ya rage na kiliyar? In motar ta hannu ce, wataƙila mai ita na farko ya sha yi mata folish, wataƙila an taɓa sake fentin ƙofar. Masu sana'ar suna da 'yar na'urar auna kaurin fenti, amma yawancinta jimillar hawan duka take bayarwa, ba ta ware kiliyar daban. Kai da ba ka da ita sai ka yi aiki da tsoro. Fara da folish mafi laushi da soso mafi laushi, a ɗan wurin da ido bai cika zuwa ba, ka duba. In ya yi, tsaya nan. In bai yi ba, hau mataki ɗaya zuwa mai kaifi, wato kamfawun, kuma bayansa dole ka bi da mai laushi don shi hazo yake bari. Kada ka wuce kamar santimita 50 kowane gefe a lokaci guda. Manna salatif na takarda a kan robobi da gefunan ƙofa da inda bonet ya lanƙwasa, don a kusurwa fenti ya fi siranta, nan ake fara huda shi.

In ka ga launin motar a jikin soson, dakata. Ko dai tsohon fenti ne mai hawa ɗaya wanda ba shi da kiliya, wannan ba komai, ko kuma ka riga ka huda kiliyar, wannan kuwa sai mai fenti. Gwajin da ka yi a ɓoyayyen wuri shi zai raba gardama: in can ma launi ya fito tun gugar farko, mai hawa ɗaya ne.

Batun inji. Wanda ke juyawa zalla, rotari, wuri guda yake tara zafi, a hannun ɗan koyo nan da nan yake ƙona fenti. Wanda ke juyawa yana karkarwa ya fi yafiya. Da hannu ma ana yi, sai dai gajiya, kuma fentin wasu motocin yana da taurin da hannu ba ya yi masa abin kirki. Samfefa mai ruwa kuwa, na san kun ga ana yi a bidiyo da lamba 2000 ko 3000. Tana aiki, ba ƙarya. Amma ban ba kowa shawarar ya koya a jikin motar da yake so ba.

Kafin ka yi murna, share wurin da sifirit da aka sirka da ruwa. Wasu folish ɗin suna da man da ke cike karce ya ɓoye shi, an yi wanki kaɗan ya dawo. In kuwa karcen ya ragu har sai an sunkuya ake ganinsa, bar shi haka. Garin neman gira ake rasa ido.

Makilin fa? An ce yana cire karce.

Ɗan kaifin da ke cikinsa ne. A bar wa haƙori.

Wani ya ce in shafa mata man gas ko baƙin mai za ta yi ƙyalli.

Za ta yi na yini guda, ta kwashi ƙura, robobin su lalace. Kada ka sake sauraron mutumin nan a kan mota. Man birki kuma in ya ɗiga a fenti, wanke shi nan take da ruwa mai yawa, cin fenti yake yi.

Na wanke ta fes, amma in na shafa hannu sai in ji kaushi.

Datti ne ya nutse a saman kiliyar: kwalta, ƙurar birki, feshin fentin wani. Akwai wata laka mai danƙo da ake sayarwa don wannan. A jiƙa wurin da ruwan kumfa ya yi santsi, a riƙa ja ba dannawa, ana ninke ta. In ta faɗi ƙasa, jefar. Kafin folish ake yin wannan, in ba haka ba soson zai kwashi dattin ya yi ta zagaye da shi.

Tsuntsu ya yi kashi a bonet, fentin ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, in ka cire da wuri ba abin da zai faru. Kada ka kankare. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya tausasa, sannan ka ɗauke. Asid ne a cikinsa, in ya wuni a rana yake barin tambari. Haka ƙaron bishiya.

Wane kaki zan saya? Kuma siramik da gaske ba ya karcewa?

Kakin kanauba daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, a arewa maso gabashin Barazil. Ƙyallinsa da kyau, amma makonni ne zuwa wata biyu ko uku ya tafi. Na haɗin kamfani, silant, yakan kai wajen wata shida. Siramik, wato ruwan da ake shafawa ya bushe ya yi tauri a saman fenti, yana shekaru in an yi shi daidai. Amma 9H ɗin da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ne, makulli da tsakuwa ratsa shi suke yi. Amfaninsa na gaske shi ne datti ba ya kama shi sosai, wanki ya yi sauƙi. Duk karcen da ka rufe da shi kuma ka kulle shi a ciki, in ya bushe da tabo sai folish ke cire shi. Kowanne ka zaɓa, shafa siriri. Lafta shi da kauri asara ce.

Gilashi ya yi ɗigo-ɗigon fari, wanki ba ya fitarwa.

Ruwa mai zartsi ne ya bushe a rana ya bar kalsiyam da magnesiyam ɗinsa. Ruwan khal rabi, ruwa rabi, a shafa, a ba shi ɗan lokaci, a ɗauraye. In ya daɗe har ya ci gilashin, sai folish ɗin gilashi. Ku riƙa tsane mota bayan wanki mana.

Waifa ta zana gilashin gaba.

Farce dai. In bai maƙale ba, garin siriyam oksaid yana rage shi, amma gilashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Aikin yana cin lokaci, yana tara zafi, in ka zurfafa wuri ɗaya kuma hanya za ta riƙa karkacewa a idonka daidai inda kake kallo. Mai zurfi, a canja gilashin. Ka daina kunna waifa a busasshen gilashi mai ƙura, ka canja robar in ta fara ƙara. In tsakuwa ta sare shi, kai a cike da wuri kafin ya ja tsaga, kuma kada ka kwara masa ruwan sanyi yana da zafi.

In shafa kakin a gilashin gaba?

A'a. Da dare ana ruwa za ka gane kurenka in fitilar wata mota ta haska ka. Akwai abin da aka yi don gilashi, irin su Rain-X. Ta ciki kuma, in akwai ledar duhu, kada ka sa mata ruwan goge gilashi mai amoniya. Reza kada ta taɓa gilashin baya ta ciki, za ta yanke siraran layukan da ke kore raɓa.

An sake mini fenti makon jiya, in sa kaki?

Jira. Sabon fenti bai gama fitar da sinadarinsa ba, yawanci kwana 30 zuwa 90 ake ba shi. Tambayi wanda ya fesa, shi ya san abin da ya haɗa.

Rufi da bonet sun yi fari suna ɓarewa. Wane folish zan sa?

Babu. Kiliyar ta mutu, malam. Kai wa mai fenti.