"Ba a samun wannan shafi a ƙasarku": wa ya rufe ƙofar?

Zance ya bazu a fadodin samarin Damagaram cewa hukuma ta fara toshe shafukan intanet, wasu kuma na cewa Turawa ne suka ware 'yan Nijar. Galibi ba ko ɗaya. Rubutun da ke gaya maka ba a samun shafi a ƙasarka, mai shafin ne ya sa shi. Toshewar kamfanin sadarwa ba ta cika yin bayani ba, shafin sai ya yi ta juyi ya ƙi buɗewa.

Ɗauki Ingila. Ta kafa dokar kare jama'a a intanet a 2023, hukumar kula da sadarwa ta ƙasar, Ofcom, ke aiwatar da ita. Tun 25 ga Yuli 2025, dole shafukan batsa da makamantansu su tantance shekarun mai shiga. Dokar ta kuma hau kan shafukan sada zumunta, zaurukan hira da injinan bincike.

Tarar ce ta firgita kowa: har fam miliyan 18, sama da sefa miliyar 13, ko kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfanin a duk duniya, wanda ya fi yawa. Kamfani ake ci, ba mai riƙe da salula ba.

Inda ake ruɗewa shi ne, dokar ba ruwanta da inda shafin yake zaune. Muddin yana da masu shiga da yawa daga Ingila, ta kama shi, ko da na'urorinsa na Amurka. Facebook na da lauyoyi birjik. Ƙaramin zauren da mutum biyu ke riƙe da shi fa? Rufe wa Ingila ƙofa ɗungum ya fi masa araha. Don yara aka yi dokar, amma ƙananan shafuka ne ke shan ukuba.

To, me ya kawo ta Zinder? Shafi ba ya ganin fuskarka, lambar IP yake dubawa, wato adireshin da layinka ke shiga intanet da shi. Wanda ke zaune a unguwar Birni da layin Airtel ko Zamani amma VPN ɗinsa (manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa yake shiga) na kan Landan, ɗan Ingila ne a idon shafin. Sai ya kashe VPN ko ya sauya ƙasa a cikinsa, ya rufe shafin ya sake buɗewa. In ya ƙi, ya gwada wani layin, don rumbun da ke haɗa lambar IP da ƙasa yakan yi kuskure. Mai layin Najeriya a bakin iyaka wajen Magarya kuwa, a Najeriya ake lissafa shi.