Dokar laifukan intanet: ba kowane rubutu ba ne zai kai mutum gidan yari

Kwana biyu ana ta yawo da wani saƙo a WhatsApp wai gwamnati ta kawo sabuwar doka, wai duk wanda ya soki shugaba ko gwamna sai ɗauri, wai ana sauraron kiran kowa, har wasu admin sun fara rufe guruf saboda tsoro. Jama'a mu bi a hankali.

Dokar nan ba yau aka yi ta ba, tun 2015 Jonathan ya sa mata hannu, Tinubu kuma ya sa hannu kan gyaranta a Fabrairun 2024. Ta shafi kowa, 'yan damfara, bankuna, kamfanonin waya da mu masu rubutu a Facebook.

Inda rigimar take shi ne sashe na 24. A tsohuwar dokar, saƙon da ya ɓata wa mutum rai ko ya ci masa mutunci ma laifi ne, da wannan aka yi ta kama 'yan jarida har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A gyaran 2024 an cire waɗannan kalmomin daga farkon sashen, abin da ya rage shi ne saƙon batsa, da saƙon da mutum YA SAN ƙarya ne amma ya yaɗa don ya tada tarzoma ko ya jefa rayuwar wani cikin haɗari. Ka ce hanyar garinku ta lalace ko gwamna ya gaza, wannan ba ya ciki.

Hukuncin ma ana ta ƙara masa gishiri. Tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba ce, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun, kuma wannan shi ne iyaka, alƙali zai iya yanke ƙasa da haka. Shekara 10 ɗin da ake ta ambata ta masu barazanar kisa ko sace mutum ce.

Batun sauraron waya kuwa, sashe na 38 ya ce kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da na kiraye-kiraye na shekara 2, wato wa ya kira wa, yaushe. Jin abin da ake faɗa a kiran, sashe na 39 ya rataya shi ne a kan umarnin alƙali.

Amma gaskiya ni raina bai kwanta ba. Na yarda ƙaryar Facebook tana iya kunna wutar rikici a gari cikin awa ɗaya, kuma ƙasar da ke fama da 'yan bindiga dole ta sa ido a kan waya. To amma wa ke tantance cewa rubutu zai tada tarzoma? A aikace ɗan sanda ne ke fara yankewa, kafin a je gaban alƙali mutum ya riga ya kwana a sel. Bayan gyaran ma, a watan Mayun 2024 an kama ɗan jarida Daniel Ojukwu a Legas da sunan wannan doka, aka kai shi Abuja ya yi kwanaki a tsare. Kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke jagorantar aiwatar da ita, shi ya sa ƙorafin talaka ke saurin komawa "maganar tsaro". Wannan gurin ya kamata majalisa ta sake zama a kai ta fayyace shi ƙarara.